Wandon Baba Tela

Ranar da aka dawo da Baba Tela daga asibiti, ranar aka raba shi da wando. Matar babban ɗansa ce ta yanke hukuncin. Ta ce mutumin da hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama suka shanye ba zai iya kwance zariya ba idan fitsari ya matse shi, ita kuma ba ta zo gidan nan don wankin kullum ba. Aka ɗaura masa zani, aka kwantar da shi a ɗakin baya, inda ake jibge tsofaffin tayoyin mota da wata fanka da ta mutu tun bara. Tayoyin ma ba a kwashe su duka ba, ture su aka yi gefe guda.

Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinka wa mazan unguwa wando, shi ne yau kwance a zani, zanin ma na mata, mai furanni.

Auta, ƙaramar 'yarsa, tana aure a can ƙarshen gari, tana kuma aiki a wani shagon wanki da guga. Rana ɗaya take samu a mako, a wannan ranar take shiga mota biyu ta zo duba shi. Tun da ciwon ya karkatar masa da baki, ita kaɗai ke gane maganarsa, ko kuma a ce ita kaɗai ke tsayawa har ya kai ƙarshenta. A zuwanta na farko kalma ɗaya ya yi ta nanatawa har ta kama. Benci.

Ta san bencin. Yana ƙofar shagon Mai Agogo, amininsa mai gyaran agogo, wanda suka yi maƙwabtakar shago tun kafin a haife ta. Nan suke zama da yamma suna musun da ba ya ƙarewa. Daga ƙofar gida zuwa wurin, in ji Baba, taku sittin da biyu ne. Likita ya ce ya riƙa takawa kullum da sanda, ya zauna cikin mutane, in ba haka ba ƙafar mai lafiyar ma za ta bi 'yar'uwarta. Yana iya miƙewa, yana iya jan ƙafar. Amma ya rantse ba zai fita titi da zani ba, ko da gidan ne ya kama da wuta.

Sai ya tura hannunsa na hagu ƙarƙashin katifa ya jawo wani wando ruwan toka. Sauran kayansa an riga an rabar, an ce ba zai ƙara sa su ba, wannan ne kaɗai ya tsira. Shi ya yanka shi, shi ya ɗinka shi da hannu, ko keke bai bari ya taɓa shi ba. Ɗinkin a jere yake, ƙanana, kamar layin tururuwa. Ta ciki kuma ya bar rarar yadi yatsa uku-uku a kowane gefe, yadda ya saba yi wa kowa, domin yakan ce jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Ya bar rarar ne don ƙiba, saboda Baba ƙato ne, mai cika ƙofa. Bai taɓa kawo wa ransa cewa jikin zai yi ɗaya wajen ba.

Auta ta je ta sami matar yayan nata a falo, ta durƙusa kamar mai neman alfarma, ta ce Anti, Baba yana son wandonsa. Anti ba ta ɗauke ido daga wayarta ba, ta ce ita me ya dame ta da wando, zariyar ce matsala. Da babu zariya, ya sa goma ma a haɗe.

Wannan mai sauƙi ne, in ji Auta a ranta. Ta fita ta sayo roba mai faɗi, ta dawo ta zauna a bakin katifa, ta sa reza ta farke bakin wandon, ta zare zariyar. Ɗinkin da ta iya a gindin keken Baba ta koya tana yarinya, kuma bai taɓa yaba shi ba. Yau ma bai yaba ba. Ya karɓa da hannun hagu, ya kai kusa da ido, ya yi tsaki ta gefen bakin da ke motsi, ya ce wannan ai ɗinkin buhu ne. Sau biyu ya sa ta farke. Ta yi dariya har da hawaye, don tun da ya kwanta ba ta ji shi ya zama Baba ba sai yau. Kafin a gama rana ta yi sanyi, motar unguwarsu kuma ba ta jira. Ta rataye wandon a ƙusa, Anti ta ce ta tafi abinta, gobe da safe za a sa masa.

Da ta fito ta wuce ta gaban shagon Mai Agogo. Ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya ce 'yata, yaya jikin nasa? Ya ce sau uku yana zuwa, kullum a ce masa barci yake. Auta ta ce da sauƙi, yana gaishe shi, wando ake gyara masa, kwanan nan zai fito. Ya ce to ta faɗa masa wurinsa na nan, ko kaza bai bari ta hau ba.

Mako ya zagayo, ta tarar da Baba a zani, wando a ƙusa.

Anti ta ce an gwada, yana miƙewa wandon ya zube ƙasa, ko so take ya yi tsirara a titi? Auta ta sa masa da kanta, ta ga ba ƙarya ba ne. Robar da ta auna a ƙugunsa kwana bakwai da suka wuce, yau hannunta na shiga tsakaninta da cikinsa ya fita. Tana cikin mamaki idonta ya kai kan kwanon abinci. Yana ajiye a kan taya, a rufe, ya yi sanyi ƙalau. An ajiye shi ta damansa, ɓarin da ya mutu. Kafin ya kai gare shi sai ya mirgina a kan kafaɗar da ba ta ɗaukarsa, ya miƙa hagu ta saman ƙirji, kuma ko ya yi hakan da sauran taƙi guda.

Ta ba shi a baki, ya cinye tas, yana kauda kai don kada su haɗa ido. Da ta yi wa Anti maganar, Anti ta ce ai ta nan ƙofa take, mutum ya shigo da kwano mai zafi sai ya tsallake tsoho? Kuma shi ma ba ya son ci, kullum sai an dawo da rabi. Auta ta jawo tayar ta mayar da ita ɓarin hagu. Ta koma ta zauna, Baba ya zaro wani guntun alli da yake ɓoye tare da wandon, ya ja mata layi, ta kama yatsa biyu a kowane gefe ta shigar ciki, ta rage robar.

A mako na uku tayar ta koma inda take. An ce wajen shara ne.

Wannan karon Yaya da kansa ya yi bayani. Babban ma'aikaci ne, mai mota, mai magana a hankali yana duba agogo. Shi ya riƙe karatun Auta, shi ya yi mata kayan ɗaki, kuma tun da take ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ya ce ya duba wandon da idonsa. Ƙafar dama tana ja a ƙasa, bakin wandon na shiga ƙarƙashin diddige, taku uku zai yi ya kifa.

"In ya faɗi a titi, wa za a zaga? Ke ko ni?"

Ta ce gaskiya ne, Yaya. Ta koma ɗakin baya ta tsayar da Baba a jikin bango, ta naɗe ƙafar dama har ta bar idon sawu, ya nuna mata daidai inda za ta tsaya. Ta yanke, ta kalmashe bakin, ta bi shi da allura a hankali. Baba ya ɗaga wandon ya duba, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ya ce da wani yaron shagonsa ne ya kawo masa wannan aikin, da ya kore shi har gidan ubansa. Suka yi dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba, don sai da ta sake kama yatsa ɗaya-ɗaya a ƙugun.

Duk wannan lokacin Auta ta yarda da zuciya ɗaya cewa wandon ne. Abin takaicin ke nan. Kowane uzuri aka ba ta yana da 'yar gaskiya a jikinsa, ita kuma sai ta ɗauki allura ta bi gaskiyar tana ɗinkewa. Ta fi son ta yi faɗa da yadi, don yadi ba ya ɗaure fuska, ba ya tuna maka abin da ya yi maka.

Uzuri na huɗu shi ne ƙafar da ta shanye ba ta shiga sai an ɗaga ta, Yaya yana fita tun da sassafe, Anti kuwa ta ce ita da kunyarta ba za ta sa wa surukinta wando ba. Kunyar da ba ta hana ta ɗaura masa zaninta ba. Auta ta tafi da wandon gida ta yi masa aikin kwana uku. Ta farke gefen ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa, ta buɗe rarar yadin nan da Baba ya bari ta yi mata baki, ta jera manyan maɓallai huɗu waɗanda hannu ɗaya zai iya ɓallawa. A ƙugu ta hagu ta ɗinka 'yar madauki da zai saƙala yatsa ya ja.

Ranar da ta kawo, Baba ya ce kada ta taɓa shi. Ya shimfiɗa wandon a katifa, ya kama matacciyar ƙafar da hannun hagu ya ɗora ta a kan buɗaɗɗen yadin, ya ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya zura ƙafar mai lafiya, ya saƙala yatsa ya yi ta ja yana nishi. Ya fi kwatan awa yana yi. Gumi ya jiƙa masa wuya. Da ya dafa bango ya miƙe, zanin furannin na kwance a ƙasa, sai Auta ta ga ubanta tsaye, ya rame ya ƙanjame, amma ubanta ne. Ya shafa cinyar wandon, ya dubi maɓallan, ya ce ba laifi. Wannan ne yabo na farko da ta taɓa samu daga bakinsa.

Ya ce sanda. Ta duba bayan ƙofa, babu. Ya ce takalmi. Babu.

Ta fita nema, ta ci karo da Yaya a tsakar gida. Yana da baƙi a falo, abokan aikinsa, kuma ba yadda za a yi a kai ƙofar gida ba a wuce ta gaban tagar falon ba. Ya leƙa ɗakin baya ya ga Baba tsaye cikin wando, miyau na ɗan zuba ta gefen bakinsa. Ya ja Auta gefe, ya sassauta murya.

"Ki dube shi da kyau. Haka kike so mutane su ga mahaifina? A yi ta nuna shi ana cewa ga uban wane?"

"Yaya, likita ya ce..."

"Ba yau ba. Ki bari ya ƙara warwarewa."

Sai yanzu Auta ta gane. Ba zariya ba ce, ba roba ba ce, ba ƙafar wando ba ce. Da ta ɗinka shi da zaren zinariya ma, da an samo masa aibu. Ta dubi fuskar Yaya, ta haɗiye maganar. Ta koma ɗaki ta ce wa Baba an yi baƙi, sai wani makon. Ya zauna, ya fara ɓalle maɓallan da kansa, ya ƙi ta taimaka masa.

A hanya Mai Agogo ya sake tare ta, ya ce wannan wane irin wando ne da ba ya ƙarewa, ko na giwa ne? Ta yi murmushi ta ce saura kaɗan. Asirin gidansu take rufawa, haka ta faɗa wa kanta a cikin mota.

Da mako ya sake zagayowa, ta tarar da sabuwar sakata a ƙofar ɗakin baya, ta waje. Anti ta ce ranar Talata tsohon ya sa wando shi kaɗai, ya bi bango har tsakar gida, ba sanda ba takalmi, ya faɗi a gindin famfo. Da ba don Allah ya kawo ta ba, da yanzu wani zancen ake. Don lafiyarsa aka sa sakatar. Wandon ma don lafiyarsa aka ɗauke, yana saman durowarta, in Auta na so ta ɗauka.

Ɗakin na wari. An ajiye masa bokiti. Tagar a rufe, an ce saboda sauro. Auta ta buɗe ta, ta goge masa jiki, ta ba shi shayi da burodi, ya ci loma uku ya kauda kai. Ta ce yau ko Yaya zai yanka ta sai ta fitar da shi. Ta sa masa wandon, ta shiga ƙarƙashin hammatarsa ta ɗaga. Bai fi nauyin ƙullin wanki ba. Amma ƙafar mai lafiyar ta ƙi tsayawa, tana rawa tana lanƙwashewa, kamar yadda likita ya faɗa. Sau uku suna gwadawa. Wandon kuma ya sake zamewa, ya taru a bayansa kamar jaka.

Ya ce ta cire. Ya kifa wandon a cinyarsa, ya lalubo guntun allin, ya ja layi biyu a mazaunin, daga ƙugu zuwa ƙasa. Hannun hagu ne, amma layin ya miƙe. Ta ɗinka tana kuka, ba ta ganin ramin allura sosai, kuma yau bai sa ta farke ba. Da ta gama ta jiƙa yatsa za ta goge allin da ya rage a gefen ɗinkin, sai ya riƙe mata hannu.

"Bar shi," ya ce. "Benci zai goge."

Ta ce mako mai zuwa za ta aro keken guragu, ta tura shi da kanta. Ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa yaro.

Ranar Alhamis aka buga mata waya tana tsakar guga. An buɗe sakata da safe za a ba shi shayi, aka tarar ya cika. Ba wanda ya san da wane lokaci.

Masu ta'aziyya suka cika ƙofar gida, an jera kujeru har titi. Yaya na tsakiya, idonsa ja, kuma kukan nasa ba na ƙarya ba ne, wannan ma wani abin haushi ne. Yana ba da labarin yadda aka yi ɗawainiya, asibiti, magani, ɗaki na musamman. Da zancen ya yi daɗi sai ya aika aka ɗauko wandon. Ya ɗaga shi yana nuna wa mutane robar, da maɓallan, da madaukin, ya ce har wando suka sa aka gyara masa na musamman don ya ji daɗin fita, amma rai ya yi halinsa. Mutane suka yi ta sa albarka, ana cewa samun ɗa irin wannan sai an tona.

Mai Agogo na zaune a gefe. Ya miƙa hannu aka ba shi wandon. Ya shafa yadin, ya gane ɗinkin abokinsa. Sannan ya zura manyan yatsunsa biyu a ƙugun ya buɗa. Bai buɗu da nisa ba. Ya daɗe yana kallon tazarar da ke tsakanin hannayensa, ya ɗago.

"Wannan na jikansa ne?"

Yaya ya ce ai ciwo ne, ciwo yana cin mutum. Mai Agogo bai dube shi ba. Ya juya wandon, ya ga layin alli biyu a mazaunin, fari tas.

Auta na tsaye a bakin ƙofa, tana jin komai. Ba ta san lokacin da ta fito tsakiyar maza ba.

"Nasa ne, Baba Mai Agogo. Ni na rage shi, sau huɗu. Ya ce in bar allin, bencinka zai goge. Kullum ka zo idonsa biyu, yana jin muryarka. Ni ma na yi maka ƙarya."

Yaya ya kira ta da muryar nan tasa da ta saba tsayar da ita. Wannan karon ba ta waiwaya ba.

Ba wanda ya taɓa dukan Baba Tela a gidan nan, ba wanda ya zage shi. Ba a hana shi abinci ba, an dai ajiye inda hannunsa ba ya kaiwa. Ba a ce ba zai fita ba, an dai ce sai an gyara wando. Duk abin da aka yi masa da ladabi aka yi, da sassanyar murya, don lafiyarsa. Ita kuma da ta fi kowa sonsa, mako biyar ta yi tana ɗinki, alhali ranar farko da ta ɗaura masa wandon da ko igiya ce ta kama hannunsa, da sun kai.

Ta karɓi wandon daga hannun Mai Agogo ta bi titi, mutane na buɗa mata hanya. Tana tafiya tana ƙirgawa, ba da niyya ba. Sittin da biyu cif, Baba bai taɓa kuskuren awo ba. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

Ta shimfiɗa wandon a kan bencin, a gefen da katakon ya yi santsi saboda zamansa, ta danna da tafin hannu, ta ɗaga ta duba. Allin yana nan. Sai da nauyin mutum yake gogewa.